Koyon aikin ɗakin tiyata: tambayoyi da amsoshi ga mai son shiga

Matasa da yawa da suka gama sakandare, da iyayen da za su biya musu kuɗin makaranta, suna jin ana cewa akwai kwas ɗin aikin ɗakin tiyata, amma bayanin da ke iso musu yawanci daga bakin masu tallar makarantu yake fitowa. Ga tambayoyin da suka fi yawo, da amsoshinsu.

Wane ne wannan ma'aikacin, kuma me yake yi a ciki?

In an shiga da mara lafiya tiyata, 'yan uwa da ke zaune a benci sunan likita kaɗai suka sani. A ciki kuwa akwai likitan da zai yi aikin da mataimakinsa, akwai mai ba da maganin barci, akwai wanda ya wanke hannu ya sa riga da safa yana miƙa kayan aiki, akwai wanda ke zirga-zirga yana kawo abin da ya ƙare yana rubutawa, sannan akwai mai kula da na'urori. Teknishiyan ɗin tiyata a cikin waɗannan na baya yake. Shi ke riga kowa shiga ɗakin. Ya duba fitilar sama da gadon aiki, ya kunna injin zuƙe jini ya ji ƙarfinsa, ya gwada na'urar ƙona jijiyoyin jini, ya tabbatar akwai oksijin a silinda har da ta ajiya, ya jera kayan da aka turara daidai da irin aikin da za a yi. Kayan ciro jariri daban, na ƙaba daban, na ƙashi daban. Bayan an fito da mara lafiya, shi ne kuma na ƙarshen fita.

Ba ya yanka, ba ya ɗinke ciki, ba ya yanke shawarar maganin da za a ba mutum. Amma ranar da bai zo ba, likita komai ƙwarewarsa sai ya tsaya jira.

A Najeriya ta wace ƙofa ake shiga?

A nan ne ake yawan ruɗewa, domin aikin da a wasu ƙasashe mutum ɗaya ke yi, a asibitocinmu an raba shi.

Miƙa wa likita kayan aiki da ƙidaya su, a manyan asibitocin gwamnati aikin nas ne da ya yi ƙarin karatu. Sai ka fara zama cikakken ma'aikacin jinya mai rajista da Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, sannan ka tafi kwas ɗin jinyar ɗakin tiyata na kimanin shekara ɗaya. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya yana da irin wannan makarantar, haka ma na Jami'ar Ibadan. Nas ɗin da ke son ɓangaren ba da maganin barci shi ma yana da nasa kwas, wanda ya ɗan fi wancan tsawo.

Ƙofa ta biyu ita ce ta teknishiyan mai taimaka wa likitan barci. Wannan ba sai ka yi jinya ba. Wasu asibitocin koyarwa, irin su na Jami'ar Legas, suna da makarantar da ke horar da su. Aikinsa injin barci ne da duk abin da ya rataya da shi: bututun numfashi, na'urar leƙa maƙogwaro, silinda, na'urorin auna bugun zuciya da hawan jini.

Akwai kuma masu aiki a sashen wanke kaya da turara su, da masu gyaran na'urorin asibiti. Duk waɗannan mutanen tiyata ne, amma takardunsu da matakin albashinsu ba ɗaya ba ne. Saboda haka kafin ka sayi fom, ka fara tantance wanne kake so ka zama a cikinsu. Wanda ya ce maka "ai duk ɗaya ne" bai taɓa neman aiki da takardar ba.

Wane sakamako ake nema?

Kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizis, galibi a zama ɗaya ko biyu. Kwalejojin jinya da ke ba da difloma ta ƙasa da jami'o'i suna bi ta JAMB. Wanda ya yi ajin adabi ko kasuwanci sai ya koma ya rubuta darussan kimiyya, babu wata hanyar.

Wani ejan ya kawo wa babana takardar wata makaranta a Indiya, ya ce shekara biyu zan zama teknishiyan ɗin tiyata. Gaskiya ne?

Kwas ɗin gaskiya ne. A Indiya wannan sana'a ce mai zaman kanta: akwai difloma ta shekara biyu, akwai digiri na shekara uku zuwa huɗu har da zaman koyon aiki a asibiti. A 2021 majalisar ƙasar ta yi dokar kafa hukumar da za ta tsara irin waɗannan sana'o'in na mataimakan likitoci, domin a da kowace makaranta da nata tsarin.

Tambayar da ejan ba zai amsa maka ba ita ce: in ka dawo, wa zai ɗauke ka, a wane muƙami? Difloma daga Indiya ba ta mai da kai nas a Najeriya, hukumar jinya ba za ta ba ka lasisi da ita ba. Takardar waje kuma sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance ta kafin maganar bautar ƙasa ko aikin gwamnati. Asibitoci masu zaman kansu sukan ɗauki wanda ya iya aiki, amma kada a sayar da gona a kan "wataƙila". Ka ɗauki sunan kwas ɗin ka je sashen ɗaukar ma'aikata na asibitin koyarwa mafi kusa da kai, ka tambaye su ko suna da gurbin mai wannan takardar. Zuwa da kai ya fi saƙo. Ka kuma bincika ko makarantar tana da asibitinta, don akwai masu gini mai kyau a hoto waɗanda ɗalibansu ke gama karatu ba su taɓa riƙe hantsaki a kan mutum mai rai ba.

Me ake koyarwa?

Farko sanin jikin ɗan Adam da yadda yake aiki, sai ƙwayoyin cuta, sai magunguna, musamman na barci da na gaggawa. Daga nan a shiga kayan aiki, waɗanda sunayensu kaɗai sun isa su sa sabon ɗalibi ciwon kai: almakashi iri-iri, hantsaki mai haƙori da marar haƙori, maƙallan tsayar da jini, ƙarafan buɗe ciki, zaren da ke narkewa a jiki da wanda sai an cire. Ana koyon yadda ake kwantar da mara lafiya a gado ba tare da an danne masa jijiya ba, domin wanda aka sa wa barci ba zai ce hannunsa ya sage ba, sai ya farka a ga hannu ba ya ɗaguwa. Ana koyon farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya. Ana koyon lantarki daidai gwargwado: inda ake manna faifan na'urar ƙona jijiya, da dalilin da ya sa dole a bar sifirit ɗin da aka shafa wa fata ya bushe kafin a kunna ta, in ba haka ba wuta na iya tashi a kan mutum.

Rabin karatun ko fiye a tsaye ake yin sa, a cikin ɗakin, ana kallo ana gyara maka hannu. A Jamus, inda doka ta tsara wannan horon tun daga farkon 2022, shekara uku ake yi, da awa 2,100 a aji da awa 2,500 a bakin aiki. Ka riƙe wannan a matsayin ma'auni in wata makaranta ta ce maka komai a aji za a gama.

Ana ta cewa tsafta, tsafta. Ai kowa ya iya wanke hannu.

Tsaftar tiyata wata aba ce daban, kuma an sha wuya kafin a gane ta. A 1847 a birnin Biyana, wani likita mai suna Ignaz Semmelweis ya sa ɗalibai su riƙa wanke hannu da ruwan kulorin kafin su taɓa masu haihuwa, mace-mace suka ragu ƙwarai, amma abokan aikinsa da yawa suka ƙi yarda. A 1867 Joseph Lister na Gilasgo ya wallafa yadda yake kashe ƙwayoyin cuta a rauni da sinadarin kabolik. Safar roba kuwa ta shigo ne wajen 1890 a asibitin Johns Hopkins na Amurka, lokacin da William Halsted ya sa aka ƙera wa nas ɗinsa saboda sinadarai na cin hannunta. Abin da ɗalibi ke koya yau a mako ɗaya, rayuka ne suka saye shi.

Ga yadda abin yake a aikace. Za ka cire zobe da agogo, farce a yanke. Ka wanke daga yatsu zuwa gwiwar hannu na minti 2 zuwa 5, hannu a sama, don ruwan ya gangara wajen gwiwa kada ya dawo kan yatsu. Ka shiga ɗakin da baya ko da kafaɗa. Da ka sa riga da safa, gabanka daga ƙirji zuwa daidai tsayin tebur da hannuwanka zuwa gwiwa ne kawai ake ɗauka masu tsafta, bayanka da ƙasan ƙugu ba a lissafa su. Hanci zai yi maka ƙaiƙayi, gumi zai gangaro, ba dama ka taɓa. Hannu in ya sauka ƙasa da tebur, an sake safa. Ƙa'idar kuma ita ce, duk abin da aka yi shakka a kansa ya ƙazantu, a ɗauke shi.

Kayan ƙarfe kuwa sai an wanke su fes tukuna, a goge kowace gaɓa da haƙoran hantsaki da buroshi, don jinin da ya bushe yana kare ƙwayar cuta daga zafi. Sannan a naɗe su a sa a otokilef, wata tukunya mai aiki kamar madambaci, sai dai tururinta a matse yake: digiri 121 na aƙalla minti 15, ko digiri 134 na aƙalla minti 3. Akwai tef da ake mannawa a jikin ƙunshi, layukansa su yi baƙi in ya sha tururi. Sabon shiga yakan ga baƙin layi ya ce shi ke nan. Tef ɗin yana nuna ƙunshin ya shiga tukunya ne kawai. In an cusa kaya fiye da kima tururi bai ratsa tsakiya ba, ko ƙunshin ya fito da danshi, a sake. Kayan da ba sa jure zafi ana jiƙa su a wani sinadari, shi ma da lokacinsa: minti 20 na rage ƙwayoyi sosai, amma kashe su kakaf yana ɗaukar awa 10, kuma sai an ɗauraye da ruwa mai tsafta kafin su taɓa jikin mutum.

A nan ne halin mutum ke fitowa. Ƙarfe biyun dare, wuta ta ɗauke ana tsakiyar turara kaya, ga mai naƙuda tana jira, babu wanda ya ga agogo sai kai. In ka ce ya yi, kowa zai yarda. Bayan kwana huɗu ciwon ya ruɓe, ɗinki ya buɗe, a ce ƙaddara. Ni a ganina wanda ba zai iya cewa "bai yi ba, a jira" a irin wannan lokacin ba, gara ya nemi wata sana'ar tun yanzu.

Wai da gaske ne ana manta auduga a cikin mutum?

Ana mantawa, a ƙasashe masu arziki ma. Auduga in ta sha jini kamanninta ɗaya da naman ciki. Shi ya sa ake ƙidaya, mutum biyu, da murya a fili: kafin a fara, kafin a rufe ciki, da lokacin ɗinke fata. Auduga, allurai, reza, kowane ƙarfe. Audugar tiyata tana da wani zare da hoton ƙashi ke nunawa, saboda irin wannan ranar.

In lissafi bai cika ba, sai ka faɗa, ko da likitan sa'an mahaifinka ne kuma ransa a ɓace. "Ranka ya daɗe, saura ɗaya." A duba bokiti, a duba ƙasa, a ɗaga zannuwa, a sake leƙa ciki. In ba a gani ba a ɗauki hoto. Mun taso da kunya da girmama na gaba, kuma abu ne mai kyau, amma a wannan ɗakin sai an koyi yadda ake haɗa ladabi da tsayawa kan magana. Likitan kirki zai gode maka daga baya, ko bai faɗa ba.

Mece ce takardar da ake karantawa kafin a fara aiki?

Jerin tambayoyi 19 ne da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008. Ana tsayawa sau uku: kafin a sa barci, kafin a yanka, da kafin a fita da mara lafiya. Shin shi ne mutumin? Wace ƙafa ce, dama ko hagu? Akwai maganin da jikinsa ba ya so? An tanadi jini? An gwada ta a asibitoci takwas, har da ɗaya a Ifakara ta Tanzaniya, sakamakon da aka wallafa a 2009 ya nuna mace-mace sun sauka daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8, matsaloli bayan aiki kuma daga kashi 11 zuwa 7. Ba ta buƙatar janareta ko dala. Abin da ke kashe ta shi ne a cike ta da biro bayan an gama aiki.

Ina tsoron jini. In haƙura?

Ba lallai ba. Ɗalibai da yawa jiri na kwasar su a ranar farko, har da waɗanda suka zama manyan likitoci. Ka karya kumallo kafin ka shiga, in ka ji duhu-duhu ka ja baya ka zauna, kada ka faɗa kan tebur. Yawanci mako biyu ya wuce. Warin naman da na'ura ke ƙonawa ma ana sabawa da shi. Abin da ba ya wucewa shi ne tsayuwa ta awa huɗu ko shida, don haka ka nemi takalmi mai daɗi.

Akwai haɗari ga lafiyata?

Akwai. Babbansa sukar allura ko reza. Mutane sun fi tsoron ƙanjamau, alhali ciwon hanta nau'in B ya fi saurin kamawa nesa ba kusa ba: suka ɗaya daga mai ƙanjamau haɗarinta kusan 3 ne cikin 1,000, ta mai ciwon hanta kuwa tana iya kai 30 cikin 100 ga wanda bai yi rigakafi ba. Allurar rigakafin sau uku ce a cikin wata shida. Ka yi ta kafin ka fara shiga ɗakin, ko makaranta ba ta tilasta ba. In an soke ka, ka wanke da ruwa da sabulu, ka kai rahoto nan take. Maganin kariya daga ƙanjamau yana aiki ne in an fara shi cikin awa 72, a sha na kwana 28. Ɓoyewa don kunya wauta ce.

Sai zazzaɓin Lassa. Mutanen Kano ba su manta farkon 2020 ba, lokacin da likitoci biyu suka rasu bayan an yi wa wata mai juna biyu aiki, ashe tana ɗauke da cutar. Gilashin ido, takunkumi da safa biyu ba ado ba ne. A ɗakin aikin ƙashi kuma, inda ake ɗaukar hoto ana cikin aiki, sai an sa rigar darma, mai ciki kuwa ta sanar da shugabanta da wuri.

Ni mace ce. Hijabina fa? Kuma zan iya haɗa aikin da aure?

Mata sun yi yawa a wannan aikin, kuma a wurarenmu ana buƙatarsu ƙwarai, don mace da za a yi wa aikin haihuwa ko na yoyon fitsari hankalinta ya fi kwanciya in ta ga 'yar uwarta a kusa. Hijabin da kika shigo da shi daga titi ba ya shiga ɗakin, kamar yadda hular namiji da takalminsa ba sa shiga. Ana rufe kai da wuya da abin da aka tanada don tiyata kaɗai. Hannu kuwa dole a buɗe shi zuwa gwiwa lokacin wankewa, daga nan riga mai dogon hannu ta rufe. Awarwaro, zobe, farcen kanti da jan farce duk sai an ajiye.

Maganar aure, a yi ta tun kafin a ɗaura. Akwai kwanan asibiti, akwai kiran dare, akwai ranar Sallah da za ki yi a bakin aiki. Mijin da ya amince da baki bai san me ake nufi da kol, wato zaman jiran kira daga asibiti, ba, zai sani a wata na farko.

Salla da azumi?

Aiki in an fara ba a barin sa. Ma'aikata kan karɓi juna, wanda ke zirga-zirga ya fita ya dawo, wanda ya wanke hannu ya jira a rufe. A azumi ka sha ruwa sosai da sahur, in kuma ka ji jiri ka faɗa a canje ka.

In na daɗe ina gani, ba zan iya yin ƙananan ayyuka da kaina a unguwa ba?

A'a. Wannan ita ce hanyar da ta kai wasu gidan yari, ta kai marasa lafiyarsu kabari. Wanda ya ga aikin ƙaba sau ɗari zai iya kwaikwayon hannun likita, amma bai san abin yi ba ranar da jini ya ɓalle ko hanji ya huje. Mutanen unguwa za su kira ka "likita", su kawo maka yaro da kuɗi a hannu. Ka tura su asibiti.

Akwai aiki kuwa bayan an gama?

Buƙata tana da yawa. Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2015 cewa mutum biliyan 5 a duniya ba sa iya samun tiyata mai aminci da za su iya biya. Wani bincike da aka wallafa a 2018, wanda ya bi marasa lafiya sama da 11,000 a ƙasashen Afirka 25, ya gano cewa haɗarin mutuwa bayan tiyata a nahiyar ya ninka na matsakaicin duniya, duk da cewa marasa lafiyar sun fi ƙuruciya. Mafi yawan mace-macen kuma bayan an fito daga ɗakin suke faruwa, saboda ƙarancin masu sa ido.

Sai dai buƙata daban, guraben aiki daban. Wuraren nema su ne asibitocin koyarwa, cibiyoyin lafiya na tarayya, manyan asibitocin jiha, asibitoci na musamman irin su na ƙashi da ke Dala a Kano, cibiyar yoyon fitsari ta Babbar Ruga a Katsina da asibitin cutar Noma mai cin naman fuska da ke Sakkwato, sai ƙungiyoyin agaji da asibitoci masu zaman kansu. Na kuɗi sun fi saurin ɗauka, amma a can mutum ɗaya kan yi aikin uku, kuma albashi ciniki ne.

Zan iya fita waje da takardar?

Kowace ƙasa da makullinta. A Birtaniya sana'ar digiri ce ta shekara uku, ba ka amsa sunanta sai ka yi rajista da HCPC, hukumar da ke rajistar irin waɗannan ma'aikatan lafiya, wadda ke neman maki 7 a jarrabawar Turanci ta IELTS. A Amurka yawanci karatun shekara biyu ne a kwalejin da aka amince da ita, sannan jarrabawar ƙasa. Jamus na biyan ɗalibi alawus yana koyo, amma sai ya iya Jamusanci sosai. Saudiyya na tantance takardu daga tushe, ta sa mutum jarrabawa kafin lasisi, kuma tana duba shekarun da ya yi yana aiki. A duk waɗannan, wanda ya bi ta jinya ya fi samun hanya a buɗe, domin sana'ar nas ko'ina an san ta. Ga mai hali da haƙuri, wannan ce hanyar da na fi ba da shawara.

Na ga tallar kwas na wata uku ta intanet, har da satifiket. In yi?

In kana aiki a tiyata kuma kana son ƙarin sani, ba laifi. In kuwa da shi kake son fara sana'a, ajiye kuɗinka. Kafin ka biya kowace makaranta, ka tambayi wace hukuma ce ta amince da kwas ɗin, hukumar ilimin fasaha (NBTE) ce, hukumar jinya ce ko ta jami'o'i, ka duba sunan makarantar a jerin hukumar da kanka. Ka tambayi a wane asibiti ɗalibai ke koyon aiki, wata nawa, kuma mutum nawa ake turawa ɗaki ɗaya. Ka nemi ganin littafin da ake rubuta ayyukan da ɗalibi ya shiga, mai sa hannun malami. Sannan ka ce a haɗa ka da mutum biyu da suka gama bara, ka ji inda suke aiki yanzu.